Sun Hana Ni Ajiye Ƙudan Zuma a Lambuna na Haya, Ina Neman Shawara

Baban Sadik:
Assalamu alaikum jama'ar zaure, barkanmu da warhaka. Yau da damuwa na zo muku.

Waɗanda suka san ni sun san shekara 11 ke nan ina zaune a arewacin Ingila. A nan akwai wani tsarin lambuna da suke kira alotimen. Ƙaramar hukuma ce ko wata ƙungiya take ware fili, a yanka shi fegi-fegi, a ba mazauna gari haya su noma abin miyarsu. Cikakken fegi yakan kai murabba'in mita 250, nawa rabin haka ne. Shekara huɗu na yi ina jiran layi kafin ya zo kaina. Da na karɓa ba komai a ciki sai ƙaya da tsofaffin katakai. Ni da yarana muka share, muka kafta, muka zuba taki. Yanzu ina noma albasa, dankali, wake da kabewa, alayyafo da tumatir kuma suna cikin 'yar rumfar leda saboda sanyi.

Bana kabewata ta yi yaɗo sosai, ta yi fure kamar me, amma furen sai ya yi ta zubewa. Huɗu kacal na cira. Sai na ce to, ai rashin ƙudan zuma ne. Na rubuta wa kwamitin lambun ina neman izinin ajiye akwatin zuma guda ɗaya a ƙarshen fegina, jikin shinge. Jiya sakataren ya maido mini da amsa wai ba su yarda ba. Dalili biyu ya bayar: ban taɓa kiwon zuma a ƙasar nan ba, sannan dattijuwar da fegina ke jikin nata ta ce in aka kawo zuma ita ta bar lambun ke nan.

Abin da ya ƙona mini rai, fegi uku daga nawa akwai mai kaji shida, ba wanda ya ce masa kanzil. Ni kuwa ɗan mai amya ne, a gindin ɗorawa na tashi. Shin in ɗaukaka ƙara zuwa ƙaramar hukuma, ko in haƙura?

Abba Fagge:
Wa alaikumus salam Kawu. Ni dai gaskiya wannan wariya ce kawai. Mai kaji Bature ne ko? To ka gani. Kuɗinka kake biya kamar kowa, tsohuwa ɗaya ba za ta hana ka abin da kake so a cikin feginka ba. Ka kai su gaba.

Malam Mai Zuma:
Abba, yi haƙuri mu ji ƙarshen magana tukuna.

Baban Sadik, sannu da ƙoƙari. Ni ban san dokar Ingila ba, amma shekarata 26 ina harkar nan a ƙasar Giwa, tsakanin amyar gargajiya da akwatin Kenya mai sanduna. Tambaya ɗaya zan yi maka. Amyar mahaifinka a ina take rataye? A tsakiyar gonar mutane take, daidai tsayin kai, ko can sama a kan ɗorawa?

Ka san amsar. Iyayenmu ba don nishaɗi suke hawa ɗorawa da tsamiya da igiya a kafaɗa ba. Ƙudan zuma in ya fito daga gidansa miƙewa yake yi, duk abin da ya tare masa hanya shi zai ci karo da shi. In amya tana sama, zirga-zirgarsu a sama take, mai noma a ƙasa bai ma san suna nan ba. Kai kuma so kake ka ajiye su a ƙasa, taku kaɗan daga inda wata take durƙushe tana cire ciyawa.

Na taɓa yin wannan kuskuren. Na ajiye akwati biyu a gefen lambun rani don in riƙa ganinsu kusa. Ranar da maƙwabcina ya tayar da injin ban ruwa dab da su, sai da muka kwashi ɗansa zuwa asibiti, jakinsa kuma da yake ɗaure bai samu hanyar gudu ba, kwana biyu ya yi bai ci abinci ba. Shekara ta zagayo kafin mutumin nan ya sake amsa sallamata da sakin fuska.

Baban Sadik:
Gaskiya ne Malam, a sama suke. Amma ƙudan nan ba irin namu ba ne. Na je wurin wani baje koli na ga mutum ya buɗe akwati hannu ba safa, suna yawo a kan yatsunsa. Namu na gida ai ko inuwarka suka gani sai sun biyo ka har bakin rafi.

Maman Iman:
Salamu alaikum. Yaya Baban Sadik, ka yi mini afuwa zan shigo maganar nan ta ɓangaren aikina, don ni ma'aikaciyar jinya ce a nan ƙasar. Ka tambayi dalilin da ya sa matar ta ce za ta bar lambun? Don a saƙonka ban ga ka faɗa ba.

Yawancin mutane in zuma ta harbe su wurin ne zai kumbura, ya yi zafi, ya yi ƙaiƙayi, kwana biyu ya wuce. Amma akwai waɗanda jininsu bai jituwa da dafin kwata-kwata. Harbi ɗaya tak, cikin 'yan mintoci leɓe da harshe su kumbura, maƙogwaro ya toshe, numfashi ya riƙa fita da ƙyar, jini ya sauka, mutum ya yanke jiki ya faɗi. Irin waɗannan su ne likita ke ba allurar adirenalin mai kama da biro, irin su EpiPen, suna yawo da ita a jaka. In abin ya faru a cinya ake caka ta, ko ta saman tufafi, a kira lambar agajin gaggawa, 999, nan take ko da mutum ya ji sauƙi, don yakan dawo.

Na karɓi wani magidanci a irin wannan halin, ƙaƙƙarfan mutum, matarsa ce ta riƙo shi fuskarsa ta sauya har ba ka gane shi. Ya rayu, alhamdu lillahi, amma na ga idon matar nan a daren, kuma ban manta ba. Sanyin halin ƙudan Turai bai canja dafinsa ba. In dattijuwar nan tana cikin masu wannan lalura, to ba ƙiyayya ba ce, ranta take tsoro. In kuma ba ta ciki, tsoro ne kawai, shi ma da magana ake maganinsa. Ko ta wace fuska, sai ka je ka ji daga bakinta.

Abba Fagge:
Anti, na ji. Amma ai ko bai ajiye ba akwai ƙudan zuma a lambun, tunda akwai furanni. Ta hana su zuwa mana.

Maman Iman:
Abba, ɗaya-ɗaya da ke kan fure yana neman abincinsa daban, dubbai da ke tsaron ƙofar gidansu daban. Tambayi Malam.

Kawu Na Birmingham:
Jama'a sannunku. Na ga an ambaci abin da na sani ne shi ya sa na fito, don shekara ta shida ke nan ina da akwati biyu a irin wannan lambun.

Baban Sadik, bari in fara da maganar kaji, don kar ka ɓata takardarka a banza. Dokar lambunan haya ta 1950 ita ce ta ba mai fegi damar ajiye kaji mata da zomaye, matuƙar ba don kasuwanci ba ne kuma ba su damu kowa ba. Ko zakara ba ya ciki, balle ƙudan zuma. Zuma sai da izinin mai filin, kuma yana da ikon ya ce a'a. Saboda haka mai kajin nan ba alfarma aka yi masa ba, kuma in ka kai ƙara da wannan hujjar, abin da za su karanta maka ke nan. Abba, ban ce ba a wariya a ƙasar nan ba, na ɗanɗana ta a wurin aiki. Amma a wannan maganar, Turawa nawa na sani da aka hana.

Ni ga yadda na samu. Na shiga reshen ƙungiyar masu kiwon zuma na yankinmu, wanda ke ƙarƙashin BBKA, babbar ƙungiyar masu kiwon zuma ta Birtaniya, tsohuwar ƙungiya ce tun 1874. Da hunturu na yi darasi a aji, da bazara muka riƙa zuwa wurin akwatunan ƙungiya muna buɗewa tare da waɗanda suka iya. Kuɗin zama ɗan ƙungiya ya haɗa da inshora idan ƙudanka suka yi wa wani lahani, kuma kwamitin lambu wannan takardar suke fara tambaya. Na yi rajista a BeeBase, shafin hukuma na masu kiwon zuma, don jami'an duba zuma su san inda akwatunana suke in wata cuta ta ɓulla a kusa. Shekarar farko ma ba a lambun na ajiye ba, a gonar wani na ajiye, sai da na ci 'yar jarrabawarsu ta farko sannan na koma wa kwamiti.

Sharaɗin da suka gindaya mini: in kewaye wurin da raga mai tsayin mita biyu, ta yadda ƙudan in sun fito dole su yi sama su wuce kan mutane, wato dabarar ɗorawar da Malam ya faɗa ce aka sauko da ita ƙasa. Ƙofar akwati ta kalli shinge, kar ta kalli hanya. In ajiye musu ruwa a kwano da tsakuwa a ciki tun kafin su saba da tankin da kowa ke ɗiba. In manna lambar wayata da ta wani gwani a ƙofar lambu. Kar in buɗe akwati ranar Asabar da rana lokacin da wuri ya cika da yara.

Babban aikin kuma shi ne lokacin tashi, daga ƙarshen Afrilu zuwa Yuli. Akwati ɗaya da rani yakan tara ƙuda 50,000. In wuri ya yi musu kaɗan sai su gina ɗakin sabuwar sarauniya, wani abu ne mai kama da kwanson gyaɗa yana reto a jikin saƙa. Kwana takwas zuwa tara da saka ƙwan suke rufe bakinsa, a daidai nan tsohuwar sarauniya take ficewa da kusan rabin gidan. Shi ya sa duk kwana bakwai sai ka buɗe ka duba, ba fashi. In Babbar Salla ta faɗo a tsakanin nan kuma kana son zuwa gida, sai ka samu wanda zai riƙe maka. Ni na yi sakaci sau ɗaya, kwana goma sha biyu ban leƙa ba. Aka kira ni a wurin aiki, na zo na tarar sun yi curi kamar tulu a jikin sandunan waken wani dattijo, mutane sun tsaya nesa sun yi cirko-cirko. Ba su harbi kowa ba, don a wannan halin cikinsu cike yake da zuma, ba su cika faɗa ba. Amma kallon da aka yi mini ranar ya ishe ni darasi.

Malam Mai Zuma:
Kawu, Allah ya saka da alheri. Ashe ku har rajista ake yi wa ƙuda. Wannan duba na kwana bakwai mu ba mu yin sa, namu in ka matsa musu da buɗe-buɗe sai ka wayi gari sun yi ƙaura gaba ɗaya sun bar maka akwati wayam. To wace cuta ce take damunsu a can da har hukuma ta shigo?

Kawu Na Birmingham:
Malam, akwai wani ɗan ƙwaro ja kamar ƙaramar kaska, baroa suke ce masa. A 1992 aka fara ganinsa a Ingila, yanzu kusan ba akwatin da babu shi. Yana maƙalewa a jikin ƙuda da 'ya'yan da ke cikin saƙa, yana raunana su yana sa musu cuta, sai ka ga ƙuda ya fito da fiffike a murɗe. In ba ka yi magani bayan ka ɗebi zuma ba, da wuya su kai bazara. Akwai kuma cutar ruɓewar 'ya'ya iri biyu, wadda doka ta wajabta ka sanar da hukuma in ka gani, mai tsananin ma ƙona gidan ake yi. Ga kuma wata rina mai rawayen ƙafa da ta fito daga Asiya, ta bi ta Faransa, aka fara ganinta a nan a 2016, tana shawagi a ƙofar akwati tana cafke su ɗaya bayan ɗaya. Sannan hunturu. Sai ka bar musu abinci wajen kilo 20, in bai kai ba ka dama musu sukari. Wanda ya shiga don ya sha zuma a shekarar farko zai sha mamaki.

Ɗan Maraɗi:
Assalamu alaikum. Ni manomin garka ne a bakin gulbi, salati da tumatir da tattasai da kabeji. Na karanta duka, kuma na ga kowa yana maganar kar ƙuda ya cuci mutum. Ba wanda ya yi maganar mutum ya cuci ƙuda.

Wurinmu garka jikin garka take kamar yadda kuka faɗa. Wani yaro mai ƙwazo ya kawo akwati uku ya ajiye ƙarƙashin mangwaro, kowa ya yi murna, har kankana ta fi kyau a shekarar. Sai tsutsa ta faɗa wa tumatir. Kowa ya ɗauko famfonsa, ana fesa magani da hantsi, lokacin da fure yake buɗe ƙuda na kansa. Kwana uku na bi ta wurin akwatunan, na ga ƙasa ta yi baƙi da gawarsu, waɗanda suka rage suna jan ciki a bakin ƙofa suna karkarwa. Yaron nan ya zauna kan dutse ya haɗa kai da gwiwa. Ba wanda ya yi da gangan, kowa amfaninsa yake ceto.

Don haka Baban Sadik, ko sun ba ka izini, sai ka san abin da maƙwabtanka ke fesawa da lokacin da suke fesawa. In za su yarda su bari sai yamma liƙis bayan ƙuda ya koma gida, kuma su gaya maka tun jajibiri, to da sauƙi. Wannan kuwa ba takardar hukuma ke sa mutum ya yi maka shi ba. Wanda ka kai ƙara ba zai buga maka waya ya ce gobe zan yi feshi ba.

Ustaz Abu Hafsa:
Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Ɗan Maraɗi ya taɓo inda nake son zuwa.

Ƙudan zuma halitta ce mai daraja, sura guda aka sa wa sunansa, Suratun Nahli, inda Allah ya ce ya yi masa wahayi ya riƙi gidaje a duwatsu da itatuwa da abin da mutane ke ginawa, kuma a cikin abin da ke fita daga cikinsa akwai waraka ga mutane. Yana cikin halittu huɗu da hadisin Ibn Abbas ya hana kashewa. Don haka sha'awarka abar yabo ce, ɗan'uwa. A nan ma zan roƙi masu ɗibar zuma da wuta a gida su ji tsoron Allah, a yi amfani da hayaƙi, a bar ƙona gida guda don kwalba biyu.

Amma ƙa'idar da malamai suka gina hukunce-hukunce masu yawa a kanta ita ce ba cuta ba cutarwa. Kuma Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce Jibrilu bai gushe yana yi masa wasiyya da maƙwabci ba har ya zaci zai ba shi gado. Ba a ce maƙwabci Musulmi kaɗai ba. Matar nan maƙwabciyarka ce ta gona. In ta tabbata harbi zai iya halaka ta, to ko hukuma ta ba ka takarda, ni ban ga yadda za ka kwanta ka yi barci ba.

Baban Sadik:
Allah ya gafarta Malam, na ji kuma na karɓa. To amma kabewar fa? Haka zan zuba ido fure na zuba?

Kawu Na Birmingham:
Yauwa, dama ina son mu dawo nan. Kabewa fure biyu take yi, namiji da mace. Macen za ka ga ɗan ƙulli kamar ƙwallo a ƙarƙashinta, namijin kuwa siririn tsinke ne kawai. Mazan ne suke fara fitowa da yawa, kuma dole su zube, ba sa zama 'ya'ya ko da amya goma ka jera. Ka tashi da sassafe, ka tsinko namiji, ka cire ganyen furen, ka goga kansa a tsakiyar macen. Minti biyar ya ishe ka. Taki mai yawa da sanyin bana ma suna sa ta yi ta ganye.

Kuma ka sani ƙudan zuma yana tafiyar kilomita huɗu zuwa biyar neman fure. In ya samu gonar da ta fi feginka yalwa, tsallake kabewarka zai yi ya tafi can. Tumatir ɗinka ma ba shi ke yi masa aiki ba, wani babban ƙuda ne mai gashi mai gunji, ɗan'uwan na zuma, shi ke girgiza furen garin ya zubo. Ƙasar nan tana da dangin ƙudan zuma masu ɗaukar garin fure iri wajen 270, mai yin zuma ɗaya ne kawai a cikinsu. In don amfanin lambu ne, ka ɗaure guntayen gora masu rami ka rataye inda rana ke bugawa, ka shuka furanni a gefen kunya, za su zo da kansu kuma ba mai tambayarka takarda.

Shi ya sa nake ganin ba kabewa ce ke damunka ba.

Baban Sadik:
Kawu, tun ɗazu na karanta saƙonka na kasa ba da amsa.

Gaskiya ka faɗa. Mahaifina ya rasu shekara uku ke nan, ina nan, ban samu jana'izarsa ba. Shi ke saƙa amyarsa da hannunsa, ya shafe ta da kashin shanu, ya shanya, ya turara ta, ya goga kaki a ciki. Ni ne mai riƙe masa igiya a ƙasa. In ɗorawa ta yi fure, wannan jan tuntun da ke reto, yakan tsayar da ni a gindinta da asuba ya ce in yi shiru in saurara. Itacen gaba ɗaya sai ka ji yana gunji. In ya sauko da farar saƙa, ni yake fara gutsura wa, da ɗuminta, ina tauna kakin har ya zama fari in tofar.

Da na je gida bara na tarar an sare ɗorawar an yi gawayi, amyoyin sun ruɓe a bayan rumbu. Sadik shekararsa 12, a roba kawai ya san zuma. Ranar da na ga mutumin nan a wurin baje koli ya ɗaga saƙa, ƙamshin kaki da hayaƙi ya buge ni, sai da na koma mota na zauna. So nake yaron nan ya tsaya kusa da ni ya ji wannan gunjin. A feginmu nake so, inda muka share da hannunmu. Wannan ne ya sa amsar sakataren ta yi mini ciwo fiye da kima.

Maman Iman:
Allah ya jiƙan Baba, ya sa Aljanna makoma. Yaya, wannan da ka rubuta mana, shi za ka faɗa wa matar.

Abba Fagge:
Allah ya gafarta masa. Kawu Baban Sadik ka yafe ni, na yi saurin magana. Amma ni har yanzu ina ganin da sakataren ya kira ka ya yi maka bayani kamar yadda Kawu Na Birmingham ya yi, da ba a kai nan ba. Layi biyu kawai ya rubuto maka.

Malam Mai Zuma:
Amin. Wannan kam Abba ka yi gaskiya.

Baban Sadik:
Jama'a assalamu alaikum, kwana tara ke nan, na dawo da bayani kamar yadda ya kamata.

Ranar Lahadi na same ta tana tone dankali. Na kai mata kabewa ɗaya cikin huɗun nan, na ce ni ne mai maganar zuma, na zo in ji daga bakinta. Ta ajiye cokalin tonon, ta buɗe jakar da ke rataye a ƙofar 'yar bukkarta, ta fito da allura biyu irin waɗanda Maman Iman ta kwatanta. Ta ce shekarun baya an harbe ta a wuya tana shanya, ta farka a asibiti. Ta ce fegin nan na mijinta ne, tun yana da rai suke nomansa, ga itacen tuffa da ya dasa, kuma kwana biyu ba ta yi barci ba da ta ji an ce za a kawo zuma, don ta san ita ce za ta tafi. Na gaya mata labarin mahaifina. Muka daɗe a tsaye. Har ta nuna mini yadda ake caka allurar, ta ce tunda ni ne mafi kusa da ita gara in sani.

Na janye takardata. Ba zan ajiye a fegina ba, ko ta bari ko ba ta bari ba.

Na kira reshen ƙungiyar masu zuma na garinmu. Darasinsu zai fara a Fabrairu, kuma sun ce Sadik zai iya zuwa in ina tare da shi, suna da 'yan riguna masu raga daidai yara. Suna da fili a bayan gari inda sababbi ke ajiye akwatin farko. Tafiyar minti 25 ce a mota. Ba abin da na so ba ne, amma na karɓa.

Wani abu kuma, ita da kanta ta ce akwai wani lungu can ƙarshen lambun, bayan tarin taki, jikin shingen layin dogo, wanda ba mai nomawa saboda inuwa. Ta ce in na yi shekara na iya, in na nemi can, ba za ta tsaya a hanya ba, sai dai za ta fara tambayar likitanta. Ban sa rai da yawa ba tukuna.

Kawu Na Birmingham:
Madalla. Amma lungun nan ka je ka tsaya a cikinsa da safe wajen ƙarfe tara ka ga ko rana na shiga. In inuwa ce wuni guda kuma ƙasa na riƙe ruwa, danshi zai kashe maka su da hunturu, ya fi sanyi illa. Ka auna taku nawa ne daga nan zuwa feginta da kuma tankin ruwa. Kuma kar ka sayi ƙuda a intanet don ka ga araha. Ka jira Mayu ko Yuni ka karɓi ƙaramin gida mai saƙa biyar daga hannun wani a ƙungiyarku wanda aka san ƙudansa da sanyin hali.

Ɗan Maraɗi:
Ka tambayi masu kula da layin dogon ma ko suna fesa maganin ciyawa a jikin shingen.

Malam Mai Zuma:
Baban Sadik, in Allah ya kawo ka gida da rani ka biyo ta Giwa kai da Sadik. Akwai ɗorawa uku a gonata da ban yarda an taɓa ba, da amya a kan kowacce. Ku zo a watan Maris in kuna son ku tarar da fure, ku kwana, don da asuba ake ji.

Baban Sadik:
In sha Allahu Malam. Hutun makarantarsu na bazara yakan faɗo ƙarshen Maris ne ko farkon Afrilu. Furen zai kai lokacin?

Malam Mai Zuma:
Ta bakin rafi takan yi jinkiri, ita za ta jira ku. Ka turo mini ranar in ka yanki tikiti.